Salula a hannun yaro: amsoshin tambayoyinku na wannan mako

Tun da aka koma lakwal a watan Oktoba, saƙonnin da ke shigo mani suka sauya. Da kukan batir ne da rashin rezo, yanzu kusan kowa a kan ɗansa yake magana. Sunayen wuraren da za ku taɓa a cikin salula na bar su da Faransanci, tunda a haka yawancin Tecno da Itel ɗinmu suke a nan Maradi.

Tambaya: Ɗana shekararsa uku, ba ya cin tuwo sai an jingina masa salula a gaba yana kallon katun. In na karɓe ya yi ta birgima. Ga cinye mega, jiya ma ya kira surukata tana barci. (Uwargida daga Bagalam)

Amsa: Hajiya, ai ba shi ke saya wa kansa forfe ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban salula ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ki sauke YouTube Kids, akwai agogo a ciki da ke rufe kallon in lokaci ya cika. Ki kunna Épinglage d'application a ƙarƙashin Sécurité, ba zai iya fita daga katun ɗin ba balle ya tashi surukarki. Lokacin cin abinci kuwa salula ta koma ɗaki, har da taki. Birgimar ba za ta daɗe ba, yunwa za ta sasanta ku.

Tambaya: Ɗiyata tana ajin ƙarshe a CEG, bana za ta zauna jarrabawar BEPC. Kwanan nan kullum kanta na kan salula, tana dariya ita kaɗai, in na shigo sai ta kife ta. Wani yaro mai gyaran salula ya ce in ba shi jika goma ya sa mani manhajar da zan riƙa ganin WhatsApp ɗinta ba tare da ta sani ba. Wacce ce mai kyau? (Alhaji daga unguwar Zariya)

Amsa: Alhaji, babu mai kyau ko ɗaya, kuma ina roƙonka ka mayar da jika gomanka aljihu. Wannan tambaya ta fi kowace tayar mani da hankali, don iyaye masu ƙaunar ƴaƴansu ne ke yin ta, su kuma jefa yaran cikin abin da suke gudu.

Bari in gaya maka abin da yaron nan zai yi. Hanya biyu ce gare shi. Ta farko, ya buɗe WhatsApp ɗinta, ya shiga Appareils connectés, ya haɗa shi da wata salula. WhatsApp na barin a haɗa na'urori har huɗu a kan layi guda. Zai haɗa taka kana kallo. Wa zai hana shi haɗa tasa lokacin da ka juya kana amsa gaisuwa? Daga ranar nan duk hoton da ɗiyarka ta aika wa ƙawarta, duk muryar da ta tura wa innarta, yana hannun saurayin da ko sunan ubansa ba ka sani ba. Ka damƙa wa baƙo mabuɗin ɗakinta don ya tsare maka ita ke nan, har da ladan jika goma.

Hanya ta biyu ta fi muni. Zai sauko da manhajar leƙen asiri daga wani shafi, don tun 2020 Google ya hana irinsu masu ɓuya zama a Play Store. Kafin ta zauna sai an kashe Play Protect, wato mai gadin da Google ya sa wa salula, an ba ta izinin karanta saƙo, da ganin hotuna, da sauraren makirfo, da sanin inda salular take. Duk abin da ta kwasa sai ya fara tafiya rumbun kamfanin a wata ƙasa kafin ya iso gare ka. Kamfanonin nan kuwa ba su iya tsaron kansu ba. An fasa rumbun mSpy a 2015, an sake fasa shi a 2024. A 2021 hukumar kare masu saye ta Amurka ta haramta wa SpyFone wannan sana'a gaba ɗaya. Waɗannan ma masu suna ke nan. Wadda za a sa maka a rumfar gyara ko mai ita ba a sani ba.

To a ce ma ta yi aiki lafiya. Yarinyar da ke shirin BEPC ta fi ka sanin salula, Alhaji, kada ka ji haushi. Kai da har yanzu ita ke nemo maka lambar abokin cinikinka na Jibiya in ta ɓace maka. Za ta ga batir na zuba, salula na zafi, ƙawa ta duba mata. Ran da ta gane, za ta bar maka wannan salular fes, gaisuwa da wa'azi kawai a ciki, hirar ta koma salular ƙawa a bayan aji. Kuma abin da yara ke kallo ba duka ta intanet yake zuwa ba. Ta Xender yake yawo, da Bluetooth, da memorin da ake lodawa a rumfar caji, ba a taɓa mega ko ɗaya ba. 

Babban abin da nake jin tsoro shi ne ranar da za ta shiga matsala ta gaske. Yadda ake kama yaran nan sananne ne. Wani ya shigo da lambar da ba ta sani ba, ya yi ta yabonta, ya tura kiredi, ya nemi hoto, daga baya ya ce ko ta ƙaro ko ya watsa a gurup ɗin ajinsu. A wannan daren abu ɗaya ke ceton yarinya: ta sami babban da za ta iya gaya wa tun kafin ta tura na biyu. Wadda ta san ana yi mata leƙe, ta kuma san bulala ke jiranta, shiru za ta yi, ta ci gaba da biyan azzalumin. In har hakan ta taɓa faruwa a gidan wani mai karatu: kada a biya ko dala, kada a goge saƙonnin, a ɗauki hotonsu da lambar, a nufi kwamisariya ko jandarmomi. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Nijar, mai lamba 2019-33, ta tanadi hukunci a kan masu irin wannan barazana da masu yaɗa hotunan batsa na yara. Yarinyar ita aka zalunta, a riƙe ta a haka.

Abin da za ka yi, ka yi shi a fili. Ka kira ta bayan magariba, innarta na zaune, salular a tsakaninku. A WhatsApp ku shiga Confidentialité, ku mayar da Groupes da Photo de profil kan Mes contacts, don kada kowane ɗan iska ya jefa ta gurup ko ya kwafi hotonta. Ku sa Vérification en deux étapes, lamba shida, wadda ba shekarar haihuwa ba. Ku leƙa Appareils connectés ku cire duk abin da ba ku sani ba. In tana TikTok, akwai Connexion Famille tun 2020: kana haɗa asusunka da nata, ka ƙayyade mata lokaci, ka rufe saƙon sirri. Family Link na Google kuma zai nuna maka awa nawa ta yi a kowace manhaja, ya kulle salular a lokacin da kuka ajiye. Ba ya nuna abin da ta rubuta, kuma wanda ya haura shekara 13 sai da saninsa ake ɗora masa. Haka ya kamata.

Sai dokar da ba na gajiya da nanatawa: salular yaro ba ta kwana ɗakin yaro. Ƙarfe tara na dare kowa ya kawo tasa ɗakin uwa, a jona caji, a karɓa da safe. Dokar nan ba ta cin ko dala, ba ta buƙatar rezo, kuma ta fi duk manhajojin da na lissafa aiki, don hirar da ake tsoro da tsakar dare ake yin ta.

Dariyar da take yi ita kaɗai, wataƙila barkwancin TikTok ne kawai. Abin da zan so ka sa wa ido daban yake: kiredi ko forfe da ba kai ka saya ba, sabuwar salula da aka ce ta ƙawa ce, ko yarinya mai fara'a ta koma zugum. In ka ga haka, kuma kunya ta hana ta magana da kai, ka tura innarta ko gwaggonta.

Tambaya: Shekarata 12. Babana ya sa mani Family Link, ƙarfe tara salula ke mutuwa. Don Allah yaya ake cire shi ba tare da ya sani ba? (Ɗan makaranta daga Sabon Gari)

Amsa: Ɗana, ka aiko tambayar nan wurin da babanka ke karantawa. Ba zan gaya maka ba. In aikin gida ne bai ƙare ba, je ka same shi, daga salularsa yana iya ƙara maka minti talatin nan take. In wasan Free Fire ne, Allah ya kai mu Asabar.

Tambaya: Ni darakta ne a wata makaranta mai zaman kanta. Mun buɗe wa iyaye gurup na WhatsApp, muna sa hotunan yara da sakamakon jarrabawa, amma ya koma wurin talla da gardama. Sannan ɗalibai na shigo da salula aji. Me za mu yi? (Daga Ali Ɗan Sofo)

Amsa: Mushe, tallar atamfa da turare ƙaramar matsala ce. A Paramètres du groupe ka bar wa shugabannin gurup kaɗai izinin aika saƙo, ka kunna amincewa da sababbin shiga, ka sabunta mahaɗin gayyata, don tsohon ya riga ya zaga gari. Shi ke nan.

Hotunan da sakamakon ne suka dame ni. Gurup ɗaya na ɗaukar mutum har 1024, kuma ba ka san ko rabin masu riƙe da lambobin nan ba. Wata salular a hannun yaron shago take wuni. Ka sa hoton yarinya da rigar makaranta, da sunanta, da ajinta, gobe ka sanar da lokacin tashi. Duk abin da mugu ke buƙata don ya tsaya bakin ƙofa ya kira ta da suna ya ce babanta ne ya aiko shi, kai ka haɗa masa. Sakamako kuma na uban yaro ne shi kaɗai. Wanda ya zo na ƙarshe a aji bai kamata matan unguwa su riga ubansa sani ba. A tura wa kowa nasa, ko a ba shi a takarda. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, kuma bayanan yara na ciki.

Batun salula a aji, Faransa ta hana ta a firamare da kwaleji tun 2018, ni ma ra'ayina ke nan. Amma kada ka yanke kai kaɗai. Ka kai maganar zaman COGES, wato kwamitin kula da makaranta, da ƙungiyar iyayen ɗalibai, a rubuta, kowane uba ya sa hannu. Wanda aka kama, a kashe salular a gabansa, a rubuta sunansa a jikinta, uba ya zo ya karɓa. Malami ba shi da hurumin buɗe ta yana bin hotuna. Ka ƙara layi ɗaya da ya shafi malamanka: babu malamin da zai riƙa aika wa ɗaliba saƙo ita kaɗai, ko da sunan darasi ne. Duk abin da ya shafi karatu ya bi ta gurup ko ta lambar uba. Wannan kariya ce ga yaran, kariya ce ga malamin kirki.

Tambaya: Kuɗi na ta raguwa a asusuna na salula, kaɗan-kaɗan. Da na matsa, ɗana ya ce lu'ulu'un wasa yake saye. Ta yaya ya san kod ɗina? (Mai sayar da ƙuli-ƙuli daga Mokoyo)

Amsa: Inna, ke kika gaya masa, ran da kika ce ya taya ki tura kuɗi don idonki ba ya gani. Ko kuma kod ɗin 1234 ne. Ki canza shi yau, ki rufe fuskar salular da wani kod na daban. Ki duba saƙonnin cire kuɗin da kyau ki ga inda suka tafi. In lu'ulu'un wasa ne, ya biya da aikin daka gyaɗa. In kuwa kika ga sunan kamfanin cacar ƙwallo, maganar ta fi ƙarfin kod, ki sa ubansa ko kawunsa a ciki tun yanzu.

Tambaya: Yarona ɗan aji shida na firamare yana hawa kabu-kabu zuwa makaranta. In saya masa babbar salula don in riƙa ganin inda yake? (Ma'aikaci daga Tibiri)

Amsa: A'a, Malam. Nuna wuri na buƙatar mega da caji da rezo, ga shi babbar salula a hannun ƙaramin yaro kiran ɓarawo take. Saya masa ƴar ƙarama mai maɓallai, layin da sunanka. Ka tsayar da ɗan kabu-kabu ɗaya wanda ka san gidansu, ka ba darakta sunansa da lambarsa, a kuma gaya wa mai gadi kada ya saki yaron ga kowa sai shi. Yaron ya haddace lambarka da ta innarsa da ka, ka riƙa tambayarsa lokaci-lokaci. Kafin ka miƙa masa salular ka danna *#06#, ka rubuta lambar IMEI mai alƙaluma 15 a takarda ka adana, ita za a tambaye ka a kwamisariya in an sace.