Kwana a mota don ɗaukar hoton kaka a duwatsun Kolorado

Yarona, ka ce za ka yi hayar mota mai ɗakin kwana, irin wadda Amurkawa ke kira RV, ka shiga duwatsun jihar Kolorado ta Amurka a ƙarshen Satumba don ɗaukar hoton itatuwan asfen lokacin da ganyensu ya koma ruwan ɗorawa. Kana tambaya wace kyamara da wane gilashi za ka ƙara saya, kuma wace rana za ka tashi. Kada ka sayi komai tukuna, kyamarar hannunka ta isa. Abin da ya kamata ka yi wa tanadi shi ne sanyi. Sanyin daren da ke rina ganyen shi ne kuma zai shanye maka batir, ya daskarar da bututun ruwa, ya rufe maka gilashin kyamara da raɓa a daidai lokacin da rana ke taɓa kan dutse.

Mu fara da ranar tashi. Ba a yanke ta daga kalanda. Idan dare ya ƙara tsawo, yanayi ya yi sanyi, ganye yakan daina yin koren sinadarin da yake sarrafa abinci da shi, sai rawayar da dama tana ciki ta fito. Ja da ruwan goro kuwa sai an samu rana mai haske da dare mai sanyi amma ba mai ƙona ganye ba. Tunda kowane hawan mita 1,000 yana rage zafi da kusan digiri 6, launin daga sama yake farawa ya gangaro, daga arewacin jihar kuma ya yi kudu. Arewa takan nuna tun tsakiyar Satumba, duwatsun San Juan da ke kudu maso yamma kuma sai makon ƙarshe na Satumba zuwa farkon Oktoba. Amfanin motar ke nan: idan ka iso ka tarar da kore, ka hau sama, idan ka tarar ganye ya zube, ka sauka ko ka yi kudu. Saboda haka kada ka biya kuɗin wurin kwana na mako biyu a gari ɗaya.

Za ka ga gungun asfen ɗaya ya yi rawaya fes, na kusa da shi kuma kore shar, a gangare ɗaya. Dalili shi ne asfen ta saiwa yake yaɗuwa, gungu guda sau da yawa itace ɗaya ne mai jijiya ɗaya, shi ya sa yake juyawa lokaci guda. Wannan cakuɗar kore da rawaya ta fi rawaya zalla kyau a hoto, don haka ban yarda ka zauna jiran ranar da komai zai nuna ba. Iska mai ƙarfi ta dare ɗaya tana iya kakkaɓe gangare duka.

Yanzu batir, domin a nan yawancin sababbin shiga ke faɗuwa. Hitar motar gas take ƙonawa, amma fankar da ke hura ɗumin wutar batir take ci, kusan amfiya 7. A daren awa goma, idan ta yi aiki rabin lokaci, ta ci kusan Ah 35 (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa). Ƙara fitilu, famfon ruwa da cajin waya. Batirin dalma da aka rubuta masa Ah 100, rabinsa kawai za ka iya ci ba tare da ka lalata shi ba, kuma sanyi yana ƙara rage masa ƙarfi. Ka ga batir ɗaya da kyar zai kai ka asuba. Alamar ita ce fanka ta riƙa juyawa a hankali amma wuta ta ƙi kamawa, domin hitar tana da makunnin da ba ya sakin gas sai iskar fanka ta kai ƙarfi. Mutum sai ya ɗauka gas ne ya ƙare, alhali batir ne. Kafin ka karɓi motar ka tambayi batir nawa ne a ciki, wane iri ne. Idan na litiyom ne, kusan duk abin da ke cikinsa za ka ci, sai dai ba a yi masa caji idan ya yi sanyi ƙasa da digiri sifili, yana lalacewa, wasu ma da kansu suke ƙin karɓar caji har sai sun ɗumama. Ka saita hita a digiri 10 zuwa 12 da dare, ka shiga bargo mai kauri da hula. Sola mai wat 200 a rana mai haske za ta mayar maka da kusan abin da ka ci a dare ɗaya, amma fa sai idan ba ka ajiye motar a inuwar itatuwa ba, kuma inuwar ce za ta fi jan hankalinka. Cajin kwamfuta da batiran kyamara ka bari sai kana tuƙi, lokacin injin ne ke ciyar da su. Janareto ma yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 1,000, kuma wuraren kwana suna hana kunna shi da dare.

Tukunyar gas mai kilo 9 kwana uku zuwa huɗu take yi idan hita na aiki kowane dare. Ka cika ta duk garin da ka samu, kada ka jira ta ƙare. Kuma ina roƙonka, komai tsananin sanyi kada ka kunna murhun girki don ɗumama ɗaki. Hita waje take fitar da hayaƙinta, murhu kuwa cikin ɗakin yake zubawa, iskar da ke kisa kuma ba ta da wari. Ka danna maɓallin gwajin na'urar gargaɗin hayaƙi tun a wurin masu haya. Ban da haɗari, kowane kilo na gas da ya ƙone yana sakin ruwa fiye da lita ɗaya da rabi a cikin iska, wannan ruwan ne za ka tarar yana tsiyaya a tagogi da jikin kayan aikinka. Ka bar ƙofar iska ta rufi a buɗe kamar faɗin yatsa biyu duk dare.

Ruwa idan ya daskare yana kumbura, ya tsaga bututu da famfo, kuma kuɗin gyaran a kanka zai faɗo. Idan ka kwana inda ake jona tiyo, ka cika tanki da yamma ka cire tiyon, ka zubar da ruwan cikinsa. Ka buɗe ƙofofin kabad da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumi ya kai ga bututu. A tankin ruwan wanka da na bayan gida ka zuba ruwan hana daskarewa mai launin hoda wanda aka yi don irin waɗannan motoci. Na lagireto guba ne, kada ya kusanci bututun ruwanka. Lita 15 a rana tana isar mutum ɗaya idan ya yi tattali, da alwala da girki da goge jiki. Wurin zubar da ƙazanta, na bayan gida ake fara buɗewa, sannan na wanka ya biyo ya wanke tiyon. Wuraren kwana da yawa na cikin daji suna rufe famfo ko su rufe gaba ɗaya kafin ƙarshen Satumba, ka bincika tun kana gari.

Hanya kuma tana da nata hukuncin. Mashigar Independence da ke gabashin garin Aspen ta kai mita 3,687, kuma an haramta wa duk motar da tsawonta ya wuce ƙafa 35 bi ta nan. Mashigar Kebler, yamma da garin Crested Butte, tana ratsa ɗaya daga cikin manyan dazuzzukan asfen na jihar, mafi yawanta tsakuwa ce, ƙaramar motar kwana tana bi lafiya idan ƙasa a bushe take. Babbar hanya mai lamba 550 tsakanin garuruwan Ouray da Silverton ba ta kai kilomita 40 ba, amma tana hawa mashigar Red Mountain mai mita 3,358, kuma akwai wuraren da babu shinge tsakaninka da rami. Mai tafiya kudu daga Ouray shi ne ke gefen ramin. Sabon direban babbar mota ya biyo ta daga Silverton, da rana, a busasshiyar kwalta. A gangara kada ka ɗora ƙafa a birki ka bar ta. Ka sa ƙaramar giya tun kana saman tudu, injin ya riƙe motar. In gudu ya ƙaru, ka taka birki da ƙarfi na daƙiƙa kaɗan har ya ragu, ka saki ya huce. Birkin da aka yi ta gogawa yana zafi ya daina kamawa, da ka ji ƙauri ka tsaya a wuri mai faɗi. Shi ya sa nake ba ka shawarar motar da ba ta wuce ƙafa 25 ba. Babba ta fi daɗin kwana, amma ba za ta juya a inda hoton yake ba.

A dajin gwamnatin tarayya ana yarda ka kwana kyauta a wuraren da aka amince, yawanci har kwana 14, ofishin gandun daji yana ba da taswirar hanyoyin da mota za ta bi. Ka iso da sauran rana, ka sa katako a ƙarƙashin taya har motar ta daidaita, domin firijin gas yana lalacewa idan ya daɗe yana aiki a karkace. Ka juya gaban motar ya kalli hanyar fita. Abinci da shara a ciki za su kwana, beyar, babbar dabbar dajin nan, a wannan lokacin ba ta da aiki sai neman abin da za ta tara kitse. Lokacin farauta ne kuma, in za ka shiga daji da ƙafa ka sa riga ko hula mai ruwan lemo mai ƙyalli. Kada ka kwana a mita 3,000 a darenka na farko, ka yi kwana ɗaya ko biyu a ƙasa, irin garin Ridgway mai mita 2,100 da 'yan kai, ka sha ruwa sosai. Ciwon kan da ya ƙi tafiya da amai, maganinsu sauka.

To, aikin kansa. Rana tana fitowa wajen ƙarfe bakwai. Da ka idar da sallar asuba ka kama hanya, ka kafa sandar kyamara mai ƙafa uku minti 40 kafin fitowarta, a wurin da ka riga ka duba jiya da rana. A mashigar Dallas Divide, kan hanya mai lamba 62, kudu kake kallo zuwa dutsen Sneffels, haske daga gefe yake zuwa safe da yamma, kuma gajerun itatuwan oak masu ja suna gabanka. Yawancin filayen wurin na masu kiwo ne, kada ka tsallake waya. A Maroon Bells, tagwayen duwatsu kusa da garin Aspen, sai da izinin shiga da aka nema tun da wuri, kuma ba a tashin jirgi marar matuƙi a cikin keɓaɓɓen dajin.

Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ISO (ma'aunin jin haske na kyamara) 100, buɗin gilashi f/8 zuwa f/11. Ka cire ma'aunin launi daga kan na atomatik ka sa shi a hasken rana, wajen Kelvin 5,500, in ba haka ba kyamara za ta ga rawaya ta yi yawa ta zuba mata shuɗi, ganyen ya fito a koɗe. Ka duba jadawalin haske da kyamara ke nunawa, mai launi uku, ba farin kaɗai ba. Rawaya mai haske layin ja take fara cikawa, ganyen ya zama faci ɗaya babu jijiya, alhali jadawalin fari yana nuna komai lafiya. Ka rage haske da kashi biyu cikin uku na mataki (mataki ɗaya shi ne ninka haske ko raba shi biyu). Filta mai kashe ƙyalli tana fito da launin ganye, musamman jiƙaƙƙe, amma tana cin haske har kusan mataki biyu, kuma a wannan tsayin in ka murɗa ta har ƙarshe sama baƙi za ta yi, a gilashi mai faɗi ma rabi duhu rabi haske. Ka murɗa rabi.

Ganyen asfen tsinkensa a baje yake, ko iskar da ba ka ji a fuska ba tana kaɗa shi. In kana son ya tsaya cak, ka sa saurin ɗauka a 1/250 na daƙiƙa ko mafi sauri, ka ɗaga ISO zuwa 400 ba tare da fargaba ba. Mafi kyawun asfen shi ne wanda rana ke bayansa, ganye ya yi kamar an kunna masa fitila a ciki, ka kare bakin gilashi da hularka. Ranar hadari kada ka koma barci, ka shiga cikin dajin da dogon gilashi na milimita 70 zuwa 200, ka cire sama daga hoton, ka ɗauki fararen gangar jikin itatuwan da baƙaƙen tabonsu. In dusar ƙanƙara ta sauka da dare, washegari ce ranar da ka zo dominta, ka fita ko da yatsu na ciwo.

Batirin kyamara na biyu a aljihun ciki yake zama, kusa da jiki. Kafin ka koma cikin mota mai ɗumi, ka zare memori, ka sa kyamara a jakarta ka zuge tun kana waje, ka bar ta awa ɗaya. In ka shigar da ita tsirara, raɓa za ta kwanta har cikin gilashi inda tsumma ba ya kaiwa. Tsakar rana haske ba shi da kyau, lokacin ne na kwafe hotuna zuwa ma'ajiya biyu, cika gas da ruwa, duba wurin gobe da ɗan barci. Ma'ajiya ɗaya ta zauna a jakar da ke bin ka, kada duka biyu su kwana a aljihun tebur ɗaya. Memori kuma ba a goge shi sai ka buɗe hotunan a ma'ajiya ta biyu ka gani da idonka.

Idan asfen na sama ya zube a farkon Oktoba, kada ka mayar da motar tukuna. Ka sauka bakin kogin Gunnison ko na Uncompahgre, manyan itatuwan bakin ruwa a lokacin suke fara rawaya, dare ya fi sauƙin sanyi, kuma a wurin shaƙatawa na jiha da ke Ridgway akwai inda za ka jona wuta batir ya cika sosai.