Gilashin Wani Kamfani Zai Hau Kyamarata?

Tambaya: Malam, ina shirin sayen kyamara marar madubi mai babbar sensa, ta milimita 36 da 24. Na ji kamfanoni na haɗa gwiwa. Ke nan kowane gilashi zai hau kowace kyamara?

Amsa: A'a, bakin kyamara, wato inda ake ɗaura gilashi, shi ne alƙali. A 2018 Leica da Panasonic da Sigma suka amince da baki ɗaya, L-Mount, don haka gilashin ɗaya mai wannan baki yana hawa kyamarar sauran kai tsaye. Sony kuwa ta daɗe da barin Sigma da Tamron su ƙera wa bakinta gilasai, shi ya sa zaɓi ya fi yawa a can.

In baki bai zo ɗaya ba, sai da adafta, wato mahaɗin da ake sawa tsakanin gilashi da kyamara. Tana aiki ne in akwai rarar tazara tsakanin baki da sensa. Tazarar bakin Nikon Z milimita 16 ce, ta bakin Sony E 18, to gilashin Sony E zai hau Nikon Z da adafta, amma na Nikon Z ba zai hau Sony E ba. Ko ya hau ma, saita hoto ya fito sarai kan yi jinkiri, musamman a bidiyo, sai ka sabunta manhajar adaftar. A ganinmu, fara duba gilasan da kake buƙata, sannan ka zaɓi kyamarar.