Shin "azaba" ta masu laifi ce kaɗai?

Tambaya: Malam, ɗana ɗan shekara 7 yana da amosanin jini. Ran da ciwon ya tashi, ina kuka na ce yaron nan yana shan azaba. Sai maƙwabciyata ta ce in tuba, wai azaba ta ƴan wuta ce, duk wanda aka gani cikinta alhaki ne yake bin sa, nasa ko na iyayensa. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Mene ne asalin kalmar, kuma na yi saɓo? Daga wata uwa a Tawa.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Malama. Ki kwantar da hankalinki, ba ki yi saɓo ba.

Azaba aro ce daga Larabci, adhab. Harafin zalun kan koma "z" a bakin Bahaushe, kamar a zunubi, zikiri, izini da uzuri, sannan aka rufe ta da wasali ta zama tamace. Ta daɗe da zama ƴar gida har ta haihu: azabtarwa, azabtuwa, azababben ciwo. Bahaushe yana da raɗaɗi da zogi, amma idan abu ya wuce haƙuri, ba zama ba kwanciya, azaba yake cewa. Shi ya sa mutumin Adar kan ce ana azabar rana a watan Afrilu, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya tuba.

Maganar maƙwabciyarki ita ce ke ɓata mini rai, don kullum ina jin irinta a nan Yamai. Mutum ya tsinci "azabar kabari" a wa'azi, shi ke nan ya zama mai fatawa. To, a buɗe Alƙur'ani. A Suratu Sad, aya ta 41, Annabi Ayuba da bakinsa ya kira abin da ya same shi wahala da azaba. Wane laifi yake biya? A Baƙara, aya ta 49, mutanen Fir'auna ne ke gana wa Bani Isra'ila mummunar azaba suna yanka ƴaƴansu maza. Waɗanda aka zalunta su ne masu shan ta. Kuma hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce tafiya yanki ce ta azaba, tana hana mutum ci da sha da barci. Ashe duk wanda ya hau mota daga Tawa zuwa Yamai mai zunubi ne? Kalmar da asalinta ke nufin horo bayan laifi ita ce uƙuba, ƴar'uwar aƙiba, abin da ke biyo baya. Ita ma Bahaushe ya saki ma'anarta, yana cewa ya sha uƙuba a layin likita.

Ba kuskuren nahawu ne ya dame ni ba, abin da yake haifarwa ne. Da zarar uwa ta yarda ciwon ɗanta horo ne, sai kunya ta kama ta. Ta ɓoye shi a ɗaki, yana murƙususu yana riƙe ƙafa, a kira mai tsibbu ya karɓe akuya, ko a tsayar da mai tallar ƙwayoyi a sayo tiramol. Alhali amosanin jini gado ne, sai yaro ya ɗauko daga uwa da uba duka. Ƙwayoyin jini ne ke lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma sanyin hunturu, ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓin cizon sauro suna tayar da shi. Ina alhaki a nan? Ɗan shekara 7 da ko alƙalami bai hau kansa ba!

Idan ya sake tashi, ki ba shi ruwa da yawa, ki lulluɓe shi, ki kai shi likita ba jira, musamman in da zazzaɓi ko numfashi na yi masa wuya. In an tambaye ki yadda ciwon yake, kada ki ce "da sauƙi" don kara. Ki ce azaba yake sha, don da jin haka ne za su san irin maganin da za su ba shi.