Gahawar da aka soya a gida: amsoshin likita ga masu karatu

Wasiƙun wannan makon galibi daga masu sayen ɗanyar ƙwayar gahawa ne, su soya, su niƙa da kansu. Ga waɗanda na zaɓa.

Tambaya: Likita, barka da aiki. A kasko nake soya gahawata cikin kicin, hayaƙin yana sa ni tari har idona ya yi ruwa. Akwai illa?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma a cikin tambayoyin nan taka ce ta fi ɗaukar mini hankali. Idan zafin ƙwayar ya kai wajen digiri 196 a ma'aunin Celsius za ka ji tana fashewa ƙas-ƙas, ɓawon nan mai sirantaka yana tashi yana ƙonewa a gindin kasko. In ka zarce zuwa fashewa ta biyu, lokacin da mai yake tsattsafowa ƙwayar ta fara sheƙi, hayaƙin sai ya yi kauri da yaji. Wanda kake gani shi ke sa ka tari. Wadda ba ka gani kuwa ita ce iskar kabon monoksaid, ba launi ba wari, ga ta da sa ciwon kai da jiri. Hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta kuma gano sinadarin dayasetil, mai cutar da huhu, a iskar masana'antun suya da niƙa gahawa. Kai da kake soya 'yar kaɗan ba ka kai ma'aikacin da ke wuni a ciki ba, amma ka fita da kaskon sarari, ko ka buɗe tagogi duka. Mai asma da ƙananan yara kada su tsaya a wurin. Da ka ji kanka ya fara sarawa, kashe wuta ka fita ka sha iska.

Tambaya: An ce wadda aka soya ta yi baƙi ƙirin ta fi ƙarfi. Gaskiya ne?

Amsa: Ta fi ɗaci dai. Suya ba ta taɓa kafeyin sosai, wato sinadarin da ke ba ta ƙarfi yana hana barci, in aka auna da sikeli bambancin kaɗan ne. Irin ƙwayar ne ke kawo bambanci: robusta tana da kusan ninki biyu na kafeyin ɗin arabika.

Tambaya: Likita, nakan niƙa ta lukwi in tafasa a tukunya, in sha ba tacewa. An gwada jinina an ce kolestarol ya hau, alhali ba na cin maiƙo sosai. Ko da alaƙa?

Amsa: Yana yiwuwa ƙwarai, Malam. A cikin man gahawa akwai sinadarai biyu, kafestol da kaweyol, masu ɗaga kolestarol mara kyau, wanda takardar gwajinka ta rubuta LDL. Gobe da safe ka karkata kofinka wajen haske, za ka ga ɗigo-ɗigon mai suna yawo a saman ruwan. A nan suke. Gahawar da aka tafasa da garinta da wadda aka danna da matatar ƙarfe sun fi ɗauke da su, domin ragar ƙarfe ba ta tare mai. Matatar takarda kuwa tana riƙe kusan dukkansu. Saboda haka ban ce ka daina ba. Ka rage laushin niƙan, ka riƙa tacewa da takarda, bayan wata biyu ko uku a sake gwaji. In an riga an ɗora ka a kan magani, kada ka ajiye shi don ka canza matata. Gado da ƙiba da rashin motsa jiki duk suna da hannu, likitan da ke duba ka shi zai tantance.

Tambaya: Ina da ciki wata biyar, ƙamshin sabuwar gahawa ba ya bari na. Dole in haƙura gaba ɗaya?

Amsa: Allah ya raba lafiya, 'yar'uwa. Ba dole ba ne, sai dai da ma'auni. Hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai da ƙungiyar likitocin mata ta Amurka sun tsaya a kan miligiram 200 na kafeyin a rana ga mai juna biyu. Kofi mai cin mililita 240 yana ɗauke da wajen miligiram 95, amma na gida yakan zarce, don mai niƙa da kansa hannunsa da nauyi wajen zuba gari. Ki tsaya a kofi ɗaya, ki kuma sa shayi da lemon kola cikin lissafi. A ƙarshen ciki kafeyin yana daɗewa a jiki kusan ninki uku, kuma yana ratsa mabiyiya ya isa ga jariri. Kada ki kora maganin ƙarin jini da ita, tana rage shigar sinadarin ayon. Ki bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu.

Tambaya: Na ji cewa suya tana haifar da sinadari mai kawo cutar kansa, wato ciwon daji.

Amsa: Akrilamaid ake nufi. Yana fitowa a farkon suya, ya ragu in suyar ta yi nisa. A 1991 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gahawa cikin abubuwan da ake zargi, a 2016 ta sake nazari ta cire ta. Abin da ta yi kashedi a kansa a shekarar shi ne shan abu mai zafi fiye da digiri 65, saboda kansar hanyar da abinci ke bi zuwa ciki. Masu kurɓa tana tururi suna hura baki, da ku ake. Ku bari ta huce na 'yan mintuna.

Tambaya: Shekaruna 62, ina shan maganin hawan jini. Ina shan kofi huɗu, na ƙarshe bayan cin abincin dare, barci kuma sai ya gagara.

Amsa: Baba, ai ka kawo amsar da kanka. Rabin kafeyin ɗin da ka sha yana nan a jini bayan kimanin awa 5. Wani bincike da aka buga a 2013 ya nuna miligiram 400 da aka sha awa 6 kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa ɗaya. Wannan 400 ɗin shi ne iyakar baligi mai ƙoshin lafiya a yini, kai kuwa da hawan jini bai kamata ka riƙa taɓo iyakar ba. Gahawa tana ɗaga awon jini na ɗan lokaci, don haka kada ka sha cikin minti 30 kafin a auna ka. Ka koma biyu, duka kafin rana ta raba. Amma kada ka yanke lokaci guda, ciwon kai zai kama ka cikin awa 12 zuwa 24, yana iya ɗaukar mako. Ka cire na dare tukuna, bayan kwana uku ko huɗu ka cire na yamma. In kana jin bugun zuciya yana tsalle, ka je a duba ka a makon nan.