Magungunan da Baba Ya Bari: Shadda Ko Wuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Surukina ya rasu watan jiya, ya bar mana leda cike da magunguna, na hawan jini da na ciwon suga, ga ragowar kafso da alluran insulin. Hajiya ta ce in juye su a shadda in huta, maigida ya ce a ƙone. Maƙwabciyarmu kuma ta matsa in ba ta na hawan jinin, wai irinsa take sha. Rijiyarmu a tsakar gida take. Ya zan yi? Daga Maman 'Yan Biyu, Kurna, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin rashi.

Rijiyar nan da kika ambata a ƙarshe ita ta fi tsaya min a rai. Ma'aikatan lafiya suna so a bar tazarar mita 30 tsakanin shadda da rijiya. Ke faɗa min, gida nawa ne a Kurna ke da wannan fili? Sau tari katanga ɗaya ce ta raba shaddarku da rijiyar maƙwabta. Idan damina ta kankama ruwan ƙasa ya taso, abin da aka zuba a ramin can yana tsatsowa a hankali zuwa wannan. Ba za ki ji ɗaci ba, ba za ki ga launi ba, tafasawa ma ba ta raba ruwa da yawancin magunguna. Don haka ki ba Hajiya haƙuri, ba shadda, ba kwata.

Kada ki ɗauka tsoratarwa ce. A 2022 masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar York ta Ingila sun fitar da sakamakon gwajin koguna 258 a ƙasashe 104, kuma cikin magungunan da suka fi cin karo da su har da metformin, maganin ciwon suga, wanda nake kyautata zaton yana cikin ledar nan taki. Gaskiya da yawansa ta fitsari yake shiga ruwa, wannan ba yadda muka iya. Amma wanda mutum zai ɗauka da hannunsa ya zuba, ai da gangan ne. Kafson kashe ƙwayoyin cuta ya fi ɗaga min hankali, domin ƙwayoyin da ke zaune cikin ruwa mai ɗan ɓurɓushinsa sabawa suke yi da shi, ranar da yaro ya kwanta a ba shi maganin ya ƙi ci.

Ƙonawa a murhu ma a'a. Wutar gida ba ta kai zafin da ake buƙata ba, hayaƙin roba kawai za ku shaƙa.

Ki kwashe su yadda suke ki kai sashen magani na asibitin da Baba yake zuwa, ko babban kantin magani mai rajista, ki tambaya ko za su haɗa da nasu da ake lalatawa ƙarƙashin kulawar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Ba kowa ke karɓa ba. In an ƙi, ɓare ƙwayoyin daga takardarsu ba tare da kin daka ba, ki cakuɗa da toka ko jiƙaƙƙiyar ƙasa a gwangwani mai murfi, ki ɗaure a leda sannan ki sa a shara. Kwalayen kuma ki yayyage su. Na sha ganin yara masu tsintar bola riƙe da katin magani sabo fil, kuma wani ba ya rasa mai saye.

Allurai daban ne. Ki zuba su a gorar roba mai kauri, ki ɗaure murfin tam, ki miƙa a asibiti.

Maƙwabciya kuwa, ki ce Anti ce ta hana. Maganin hawan jini kala-kala ne, ƙarfinsa ma ya bambanta, kuma an rubuta wa Baba nasa ne bayan an duba ƙodarsa da sugansa. Ta je a auna ta a rubuta mata nata.