Tambaya da Amsa: Shin Injin Jirgin Sama Yana Ƙara Shan Mai Idan Ya Tsufa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne a Argungu, aikina gyaran injin ban-ruwa na manoman shinkafa. A sanina, idan ringi ya cinye, inji yakan ƙara shan mai, ƙarfinsa kuma ya ragu. Da na raka mahaifiyata filin jirgin Birnin Kebbi lokacin tashin alhazai, na hango bakin injin jirgin a buɗe, babu iyakilina, wato matatar iska. Shin shi ma yana gajiya kamar namu? Ƙurar hunturu ba ta yi masa illa? Idan haka ne, babu haɗari a hau tsohon jirgi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, sana'arka ta riga ta ba ka rabin amsar, domin injin jirgi yana gajiya, kuma alamar gajiyarsa ita ce wadda ka sani: ƙarin shan mai da ƙarin zafi kafin ya ba da ƙarfin da yake bayarwa a da.

Irin injin da ka hango ba shi da fistan ko ringi. Babbar fankar gaba ce ke zuƙo iska, wani kaso nata ya bi ta jerin ƙananan fukafukai masu matse ta, sannan a fesa mata mai, wanda dangin kananzir ne da ake kira Jet A-1, ta kama wuta. Iskar mai zafi takan fita da ƙarfi ta juya fukafukan baya, su kuma su juya na gaba. Yawan iskar da yake buƙata a kowace daƙiƙa shi ya hana a sa masa iyakilina, saboda haka duk abin da ke cikin iska sai ya haɗiye shi.

Abin da ringi yake wa injinka, shi ne ɗan siririn tazarar da ke tsakanin bakin fukafukai da bangon inji yake wa na jirgi. Muddin tazarar tana matse, iska ba ta samun hanyar zillewa. Da tafiya ta yi tafiya, yashi da gogayya sukan cinye bakin fukafukan, tazarar ta buɗe, iskar da aka sha wahalar matsewa ta riƙa sulalewa ta gefe. Daga nan sai an ƙara mai kafin a sami ƙarfin da ake bukata, ƙarin man kuma ya ƙara zafi, zafin ya ƙara cin ƙarfe.

Batun ƙura kuwa ya fi shafarmu da ke wannan yanki, domin yawancin hazon hunturu daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso shi. Illarsa iri biyu ce. Wadda ta manne wa fukafukan gaba tana sauya musu siffa, amma tana fita idan aka wanke injin da ruwa mai tsabta yana juyawa ba tare da an kunna wuta ba, kuma wankin yakan dawo da wani abu daga man da ake asara. Wadda ta wuce cikin wuta ita ce matsala. Zafin wurin a injinan zamani yana haura digiri 1,500, wato ya fi ƙarfin ƙarfen fukafukan kansu, kuma abin da ke hana su narkewa shi ne wani shafe na musamman da ƙananan ramuka da iska mai sanyi ke fita ta cikinsu. Ƙura takan narke a wannan zafi ta zama kamar gilashi, ta toshe ramukan, ta ɓamɓare shafen. Wannan ɓarnar ruwa ba ya wanke ta, sai an sauke inji. Wani mummunan misalinta shi ne na shekarar 1982, lokacin da wani jirgin British Airways ya shiga tokar dutse mai aman wuta a sararin Indunusiya, injinansa huɗu suka mutu gaba ɗaya, kafin matuƙan su samu su sake tayar da su. Hazon hunturu bai kai wannan kauri ba. Shi a hankali yake cin inji.

Akwai kuma abin da zai ba ka mamaki: ba da shekaru ake lissafa tsufan inji ba, da sa'o'in aiki da yawan tashi ake yi. Lokacin tashi ne inji ke kai ƙololuwar zafinsa, don haka jirgin da ke zirga-zirga tsakanin Abuja da Birnin Kebbi ya fi saurin gajiyar da injinsa a kan wanda ke tashi sau ɗaya ya yi sa'o'i zuwa Jidda. Zafin bazara, wanda a Kebbi kan wuce digiri 40, yana ƙara nauyin, domin iska mai zafi ba ta da kauri. Don rage wa inji wannan gajiyar ne matuƙa kan rage ƙarfin tashi idan titi yana da tsawo kuma kaya ba su yi nauyi ba.

Game da haɗari, ka kwantar da hankalinka. Kowane inji yana da iyakar zafin hayaƙin da ba a yarda ya wuce ba, kuma ana rubuta zafinsa a kowace tafiya, ana bin yadda yake matsowa kusa da iyakar. Injiniyoyi kan zura siririyar kyamara cikinsa su duba fukafukai ba tare da sun kwance shi ba. Wasu sassan kuma suna da adadin tashin da aka ƙayyade musu, wanda da zarar ya cika dole a cire su ko da ido bai ga aibu a jikinsu ba, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce ke sa ido a kan haka a Nijeriya.

Inda nake da damuwa shi ne aljihu. A watan Mayun 2022 kamfanonin jiragenmu sun yi barazanar dakatar da aiki bayan litar man jirgi ta kai naira 700, kuma babban gyaran inji galibi a ƙasashen waje ake yinsa da dala. A irin wannan hali, kamfanin da ya jinkirta wanki ko gyara don tsimin kuɗi yana biyan bashin a gidan mai kowace rana, daga nan kuma ya sauke shi a kan kuɗin tikitin fasinja. A ganina, matasanmu masu hannu irin naka ya kamata su nemi gurbi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, domin ban da matuƙa tana horar da injiniyoyin gyaran jirgi.