Ɗan'uwa, kar ka bari a taka maka baya

Allah sarki ɗan'uwa, wallahi ciwon nan da ka ce yana tasowa daga ƙugu ya bi ta ɗuwawu har dunduniya na san shi sarai. Ka tambaya ko ka je a taka maka bayan ya yi ƙara ko ka nemi masu ostiyofati, wato masu maganin ciwon jiki ta hanyar tausa da motsa gaɓɓai da hannu, to don Allah kar ka bari kowa ya hau bayanka.

Ni tela ne a nan Katsina, zaman keke ya jawo min nawa. Aka kai ni wajen wani mai ɗori, ko tambayata inda ke ciwo bai yi ba, ya kwantar da ni rub da ciki kan tabarma ya kafa dunduniyarsa a ƙuguna ya danna iya ƙarfinsa, wani abu ya tsarga min har yatsu kamar lantarki ya ja ni. Na kasa tashi, yaransa na dariya wai na cika raki, shi ko cewa yake ƙashi ya koma mazauninsa. Kuma ya karɓe kuɗinsa cas. A zaune na riƙa sallah, ga ɗinkin mutane jibge a shago, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ƙarar nan iska ce a ruwan gaɓa, ba ƙashi ke komawa ba. Yawanci guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu guda 5 ne ke bulluƙowa ya danne jijiyar da ta sauka ƙafa, to ina amfanin ƙara danne ta?

Ostiyofati wani likita Andrew Taylor Still ya faro shi a Amurka a 1874, a wajen masu yin sa jiki duka a haɗe yake, in naman cinya ya ɗaure baya ne zai sha wahalar. Nan wajenmu masu fisiyo (gashi da motsa jiki) a asibiti ke irin wannan aikin hannu. Mai fisiyon da ya duba ni daga baya sai da ya sa na yi tafiya a gabansa, ya ɗaga ƙafata a miƙe ina kwance ya ga inda ciwon ke kamawa, sannan ya fara tausa a hankali.

Kar ka lafe a gado, ka riƙa ɗan tattaki bayan la'asar, ka cire walat daga aljihun baya. Ƙwayoyin kashe ciwo na kemis ɗin nan ma a rage, suna cin ciki. Amma in fitsari ya fara kuɓuce maka ko tsakanin cinyoyinka ya mutu ko ƙafar ta rasa ƙarfi ka fara jan ta, ranar nan ka tafi asibiti, kar ka jira gari ya waye.